Yadda ake rainon shukar tarkon ƙuda ba ta mutu a hannunka ba

Shukar nan mai kama ƙwari, wadda Turawa ke kira Venus flytrap, asalinta daga fadamun jihohin Karolina ta Arewa da Karolina ta Kudu ne a Amurka, kewayen garin Wilmington. Ƙasar wurin tsami gare ta, kuma ba ta da abincin shuka, shi ya sa shukar ta koma cin ƙwari. Sababbin masu raino da na gani sun kashe ta, yawancinsu garin kyautata mata suka yi.

Ka samo tukunyar roba mai huji a gindi. Ka haɗa busasshiyar gansakukar fadama da ake sayarwa da sunan peat moss da yashi mai tsabta wanda ka wanke sau da yawa, rabi da rabi. Taki kuwa ko ƙyas kada ya shiga, na shanu ko na zamani.

Sai maganar ruwa, a nan na yi asarar shukata ta farko. Ruwan burtsatsen gidanmu na riƙa zuba mata, wanda mu ma muke sha. Wajen sati shida sai na ga sababbin tarkuna, wato ganyayen da ke rufewa su kama ƙwaro, suna fitowa ƙanana, bakin ganye yana yin baƙi, ga wani farin ɓurɓushi ya kewaye bakin tukunyar kamar kanwa. Gishirin cikin ruwan ne ya taru ya ƙone saiwar, ko da na farga ta riga ta ruɓe. Ruwan rijiya da na famfo ma sau da yawa haka suke, ruwan leda ma ban yarda da shi ba. Tafasawa ba ta cire gishirin, ƙara tattara shi take yi.

Ruwan sama shi ne gaba da kowanne, kuma kyauta ne. Da damina ka bar na farko ya wanke rufin kwano, sannan ka tara a jarkoki ka rufe, ya kai ka rani. In ya ƙare, akwai tataccen ruwan da ake sayarwa don batirin mota, amma ka duba kwalbar da kyau, kada a haɗa ka da mai asid. Akwai kuma ƴar na'urar auna gishirin ruwa mai kama da biro, ba ta da tsada, ka saya. In ta nuna sama da 50, kada ka zuba. Ka ɗora tukunyar cikin faranti mai ruwa kamar santimita 2, ta riƙa sha ta ƙasa. Lokacin hunturu iska na shanye farantin da wuri, kullum ka leƙa.

Rana take so sosai, aƙalla awa 4 zuwa 6. Ni ta safe nake ba ta, in zafin Maris da Afrilu ya kankama sai in janye ta inuwa kafin azahar.

In tana waje, ita za ta ciyar da kanta. Cikin kowane tarko akwai ƴan siraran gashi, sai an taɓa su sau biyu cikin kamar daƙiƙa 20 yake rufewa, kuma motsin ƙwaron ne ke sa narkarwa ta fara, ta ɗauki kwana 5 zuwa 12. Don haka in za ka ba ta, ƙwaro mai rai, wanda bai wuce kashi ɗaya cikin uku na tarkon ba. Ban da nama. Ka hana yara tsokanar ta da tsinke, domin tarko ba ya wuce ƴan rufewa kaɗan sai ya mutu.

In ta fitar da karan fure tana ƙarama, yanke shi. Kowace shekara kuma tana buƙatar barcin sanyi na wata 3 a ƙasa da digiri 10 na ma'aunin Celsius, abin da hunturunmu ba ya bayarwa a jere. Ka cire baƙaƙen ganye, ka rage ruwa, ka sa tukunyar a leda cikin firji, ba ɓangaren ƙanƙara ba, daga Disamba zuwa Fabrairu.