Darasi na 7: Karanta lambar da ke jikin galan ɗin baƙin mai

A makon jiya mun koyi karanta lambobi daga 1 zuwa 100 da wasu haruffan boko, to yau za mu ɗauke su mu kai gareji, saboda a ajin nan namu akwai 'yan kabu-kabu, akwai direbobin da ke jigila tsakanin Birnin Kebbi da Jega da Argungu, akwai kuma manoman shinkafa masu injin ban ruwa a fadama, kuma dukkanku kuna sayen baƙin mai. Abin da ke damuna shi ne yawancinmu in mun je shago cewa kawai muke a ba mu mai kauri, sai mai shago ya miƙo, mu biya mu tafi, alhali ga rubutu nan ɓaro-ɓaro a jikin galan ɗin da zai gaya mana ko ya dace da injinmu ko bai dace ba.

Ku tuna man shanu da sanyin safiyar hunturu, yadda yake daskarewa har sai an sa cokali, amma da an ɗora shi a wuta sai ya tsinke kamar ruwa. Baƙin mai ma haka yake, sanyi na ƙara masa kauri, zafi na tsinka shi. Aikinsa kuwa ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kar su ci juna. In ya cika ruwa-ruwa ba zai tsaya a wurin ba, in kuma ya cika kauri ba zai isa wurin da wuri ba, duka biyun inji ne ke shan wahala.

Yanzu ku dubi allo. Na rubuta 20W-50. Lambobi biyu ne, da harafi ɗaya a tsakani. Harafin W daga kalmar Turanci ta lokacin sanyi aka ɗauko shi, wato winta, don haka lambar da ke gabansa tana nuna yadda man ke gudu in inji ya kwana ya yi sanyi. Ƙaramar lamba, saurin gudu. Mai 5W ana gwada shi a sanyin da ya kai digiri 30 ƙasa da sifili, mai 20W kuma a digiri 15 ƙasa da sifili, irin sanyin Kanada da Rasha ke nan, mu nan ko a tsakiyar Janairu ruwan randa bai taɓa zama ƙanƙara ba. Shi ya sa lambar farko ba ita ce babbar damuwarmu ba, duk da dai mai ƙaramar lamba ya fi saurin hawa kan inji in ka tayar da asuba.

Lamba ta biyu ita nake so ku riƙe da kyau. Ita ce kaurin man in ya yi zafi, kuma a digiri 100 ake auna shi, zafin da ruwa ke tafasa. Mai 50 ya kusa ninka mai 30 kauri a wannan zafin. Za ku ga haruffa uku SAE kafin lambar, sunan ƙungiyar injiniyoyin motoci ce ta Amurka wadda ta tsara wannan ma'auni, kowane kamfani da shi yake aiki. In kuma kun ga SAE 40 kaɗai babu W, to mai ne mai lamba ɗaya, irin na da.

Ga inda ake yawan kuskure. Mutum zai ce ai garinmu da zafi, a watan Afrilu rana na wuce digiri 40, dole sai mai kauri. Akwai ɗan gaskiya a ciki amma ba duka ba. Injin mota mai lafiya, wanda lagiretonsa da fankarsa ke aiki, zafinsa na tsayawa ne wajen digiri 90 zuwa 100, ko a Yauri yake ko a Jos. Zafin gari yana ƙara masa nauyi in ana go-sulo ko an yi lodi ya wuce kima, amma abin da ya fi yanke hukunci shi ne yadda aka ƙera injin, wato faɗin 'yan hanyoyin da man ke bi a ciki.

Akwai wani ƙanen mahaifina da ya sayi Corolla 'yar Kwatano samfurin 2006, ranar juye na farko na raka shi gareji. Bakaniken ya buɗe galan ya ɗiga man a yatsa, ya murza da babban yatsa, ya ɗaga yana kallon yadda yake ja kamar zuma, ya ce, "Alhaji wannan shi ne mai, ba ruwan da Turawa ke zubawa ba." Ni kuma idona ya kai kan murfin da ya kwance ya ajiye a kan batir, an rubuta 5W-30 a jiki, na galan ɗin kuma 20W-50. Na ce, "Baba, ku dubi murfin nan, su da suka ƙera motar ga abin da suka ce a zuba." Ya juya murfin a hannu ya goge da gefen hankici, ya yi shiru, sannan ya ce wa bakaniken a canzo. Bakaniken ba mugunta ya yi niyya ba, a kan Fijo 504 ya koyi aiki, ita kuwa mai kauri take so, sai ya ɗauka duk mota haka take. Injin irin wannan Corolla yana da na'urar da ake rubuta wa VVT-i, da ƙarfin baƙin mai take aiki, ta wata 'yar siririyar hanya mai rariya, mai kauri yana wahalar bi, ga ƙarin shan fetur. Sababbin motocin ma har 0W-20 ake rubuta musu.

To ina za ka ga lambar motarka? Fara da murfin da ake zuba man. In babu, duba littafin motar, in shi ma babu kamar yadda yawancin 'yan Kwatano ke zuwa, ka sa yaro ya buga sunan motar da shekararta a waya ya nemo maka. Wasu littattafan suna da ɗan zane da ke nuna lambobi biyu ko uku da aka yarda da su gwargwadon zafin gari, to a nan ne ka ke da damar zaɓar na sama saboda yanayinmu. Tsohon injin da ya ci hanya, yana ɗan shan mai ko yana hayaƙi shuɗi ta salansa, ana iya hawa masa mataki ɗaya, daga 30 zuwa 40, amma ku sani wannan lallaɓawa ce kawai, ringi in ya cinye sai an canza shi.

'Yan kabu-kabu da masu Keke, naku daban ne, ku saurara. Injin irin su Boxer iska ce ke sanyaya shi ba ruwa ba, yana zafi sosai, shi ya sa 20W-50 ya karɓe shi. Amma lambar kaɗai ba ta isa ba, domin a babur mai ɗaya ne ke wanke inji da giya da kuloci, in ka zuba na mota mai santsi da yawa kuloci zai fara zamewa, ka ja totur babur na ihu ba ya tafiya. Nemi wanda aka rubuta 4T, da kuma JASO MA ko MA2 a bayan robar. Shi kuma 2T ba a zuba shi a ma'ajiyar baƙin mai, cikin fetur ake gauraya shi, na ƙaramin janareto ne da injin yankan itace.

Masu manyan motocin gas, tifa da tirela da tarakta, yawanci 15W-40 ne. Akwai wasu haruffa uku kuma, API, in harafin da ya biyo baya S ne kamar SL ko SN to na fetur ne, in C ne kamar CH-4 ko CI-4 na gas ne. Wanda aka rubuta 80W-90 kuwa man giya ne, kar ya kusanci inji.

Injin ban ruwa na fetur, irin ƙananan nan da ake kaiwa fadamar Argungu, man da yake ci bai kai lita ɗaya ba, kuma littafin Honda 10W-30 ya ambata, a juye bayan awa 20 na farko in sabo ne, daga nan duk awa 100. Wallahi ina jin takaici in na ga manomi ya sayi sabon inji da kuɗin shinkafarsa sannan ya zuba masa tsohon man da aka juye daga mota don ya fi araha. Haka man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, ba murfi ba lamba, ba ka san mene ne a ciki ba, ka nemi mai sil wanda kai za ka ɓalle da hannunka.

Ƙurar hunturu ita ma ku sa ta a lissafi, tana bi ta filtar iska ta lalata mai da wuri, littattafan motoci da kansu suna cewa mai bin hanyar ƙura ya rage tazarar juye. Kuma motar da ta fito daga Amurka da mil take ƙirga tafiya, mil 1 kilomita 1.6 ne, kar ka ga 5,000 a mita ka ɗauka kilomita ce, ka riga ka yi 8,000.

Aikin gida: kowa ya duba murfin man motarsa, ko tsohuwar robar man babur ko injinsa, ya kwafo duk haruffa da lambobin da ya gani a littafinsa, ya ja layi ƙarƙashin lambar sanyi, ya zagaye lambar zafi. Wanda ba shi da abin hawa ya roƙi maƙwabci. Ranar Asabar bayan la'asar kowa zai tashi ya karanta mana nasa da baki, robar ma a zo da ita in an samu.