Yadda na sa kowane ɓangare ya fara da zafinsa a OpenFOAM

Wallahi kwana biyu abin nan ya hana ni sakat. Sandar ƙarfe nake gwadawa a OpenFOAM, manhajar kwaikwayon gudun ruwa da zafi a kwamfuta, da shirinta laplacianFoam mai lissafa yaɗuwar zafi, ina so rabinta ya fara a 400 K (Kelvin, ma'aunin zafi) ɗaya rabin a 300 K, amma cikin fayil ɗin 0/T, inda ake rubuta zafin farawa, lamba ɗaya ce tal, ko'ina zafi ɗaya, to me zai gudana?

Ashe setFields ne maganin, wato shirin da ke ba kowane ɓangare lambarsa ta farawa. Na rubuta fayil ɗin umarninsa, setFieldsDict, a cikin foldar system, na bar 300 a defaultFieldValues, sai boxToCell, mai zaɓen duk abin da ke cikin akwatin da ka zana, ya ɗauki rabin hagu na ba shi 400 da volScalarFieldValue. Farko bai kama komai ba, ashe da milimita na zana akwatin, shi kuma mita yake karantawa, ai dole.

Inda na fi shan wuya shi ne da na ƙara yawan ƙwayoyin raga, wato ƙananan gidajen da aka raba sandar, na sake blockMesh mai gina ragar, sai laplacianFoam ya tsaya wai tsawon jerin lambobin bai yi daidai ba, saboda setFields ya riga ya cika 0/T da lissafin tsohuwar ragar. Yanzu ina ajiye kwafin 0/T na asali a foldar 0.orig, in maido shi, in yi blockMesh, sannan setFields. ParaView, shirin duba sakamako, ya nuna ja da shuɗi raɗau, alhamdulillahi.