Yadda za ka goge fentin rim ya yi santsi bayan ka gyara shi a gida

Wanda ya goga rim ɗin motarsa a bakin kwalbati, ya cike gurbin da foti, wato ƙullin da ake cike ramin ƙarfe da shi, ya fesa fentin gwangwani, yawanci a nan yake ajiye aiki. Launi ya hau, amma in ya shafa hannu sai ya ji kaushi, fuskar ta yi gurje-gurje kamar ɓawon lemo, ƙyallin kuma bai kamo na sauran ukun ba. Guga ce ta rage. Ni a tsakar gidana a unguwar Mabera, cikin Sakkwato, nake yin nawa, ba injin feshi, ba rumfar masu fenti, daga bokiti sai sanfefa.

Tun wajen feshi ake rage wa kai wahala. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, fentin sai ya bushe a iska kafin ya sauka kan rim, ya fito gari-gari. Da hunturu kuma ƙura ce ke kwanciya a kansa yana ɗanye. Saboda haka da gari ya waye bayan asuba nake fesawa, a inuwa, bayan na yayyafa ruwa a ƙasa. Ka bar tazarar santimita 20 zuwa 25 tsakanin gwangwani da rim. Kiliya, wato fentin sama mai ƙyalli, ka yi mata hawa uku, da hutun minti 10 zuwa 15 a tsakani, domin guga za ta ci wani abu daga kaurinta. Ka sa takunkumi, warin nan ba na wasa ba ne.

Sai haƙuri. Kiliyar gwangwani takan bushe a sama cikin awa ɗaya alhali cikinta da laushi. Ka ba ta mako guda. Danna farce a wani lungu da ba a gani, in ya bar shaida, ba ta nuna ba.

Ranar guga, nemi sanfefar ruwa mai lamba 1500 da 2000, da 3000 in ka samu wajen masu sayar da kayan fentin mota. Yanka ta ƙanana, ka jiƙa minti 15 a ruwan da ka ɗiga wa sabulun wanke kwano. Ni fiya wata nake fasawa, don ruwan 'yan garuwa kan zo da yashi, kuma ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga ƙarƙashin sanfefa za ta ja maka layin da sai ka sake feshi. Naɗe sanfefar a jikin roban goge fensir na 'yan makaranta. Yatsa tsirara yana barin kwari-kwari, roban kuwa yana bin fuskar daidai, yana kuma shiga tsakanin hannuwan rim.

Fara da 1500, a hankali, gaba da baya, ba dannawa. Ruwan da ke gangarowa zai yi fari-fari, wannan kiliya ce ke fita, haka ake so. Bayan 'yan gugar, share wurin da tsumma ya bushe, ka karkata shi ga haske. Za ka ga fuskar ta dushe, da ɗigo-ɗigon ƙyalli a warwatse. Waɗannan ɗigogin su ne ramukan da sanfefa ba ta taɓa ba. Da sun kusa ɓacewa, koma 2000, ka canza wajen da hannunka ke bi, don ka gane lokacin da layukan farko suka gushe. In ruwan ya fara ɗaukar launin fentin da ke ƙarƙashin kiliya, kamar azurfa, dakata nan take: ka huda kiliya ka taɓo launi, maganinsa sabon feshi.

A gefe da kusurwa aka fi yin wannan ɓarna, don fenti bai da kauri a wurin. Ni rufe su nake yi da tef na takarda, ban taɓa su sam. Inda fenti ya zubo ya daskare, sa sanfefa mai lamba 1000, wadda ta fi kaushi, a kan tudun kawai har ya daidaita da maƙwabtansa.

Rim zai dushe gaba ɗaya, kada hankalinka ya tashi. Ɗebo man goge fenti, wanda masu fenti ke kira kwamfawun, ɗan kaɗan a tsohuwar singiletin auduga mai tsabta, ka murza wuri kamar faɗin tafin hannu har ƙyalli ya taso, ka share da wani tsumman, ka matsa gaba. Masu ɗaura soso a bakin dirila su rage gudu, zafi na narka kiliyar gwangwani. Folish mai kakin zuma kuwa sai bayan wata guda.

Kafin ka ɗaura rim a mota, kankare fentin da ya shiga mazaunin noti da bayan rim inda yake haɗuwa da hob, wato ƙarfen jikin mota da ake ɗaura rim a kai, in ba haka ba fentin zai murƙushe noti ya saki. Ka sake ɗaure notin bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100. In mai faci zai mayar da taya, tsaya a kansa ka ce, "Malam, wanga fenti sabo na, a sa tsumma ƙarƙashin liba." Yaran wankin mota ma ka hana su soson ƙarfe.