Kafin ka zuba kuɗinka a waya mai shafa, fara tambayar kuɗin sikirin ɗinta

Kwanakin baya na raka kawuna kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, zai sayi wayarsa ta farko mai shafa. Shekara da shekaru yana riƙe da ƴar ƙaramar Nokia mai madanni wadda caji ɗaya ke kai shi kwana huɗu, kuma wallahi bai taɓa kuka da ita ba, to amma yanzu yaransa sun watsu, wani na Abuja wata na aure a Zariya, hotunan jikoki duk a WhatsApp ake turowa sai dai a nuna masa a wayar wani, ga masu sayen hatsi a wajensa a Dawanau kowa ya zo sai ya ce Alhaji taransifa zan yi, shi kuma sai ya nemi yaron shago ya duba masa ko kuɗi sun shigo.

Muna shiga wani shago mai shagon ya ɗauko wata mai sheƙi ya ɗora masa a hannu, ya ce "Alhaji ga taka nan, kyamara huɗu gare ta, RAM takwas." Kawu ya juya ta ya sake juyawa, na ga ta shiga ransa. Sai na ce "Maigida, in sikirin ɗin nan ya fashe nawa ake sa wani, kuma akwai shi a kasuwar nan?" Ya ɗan yi jim, ya ce sai dai a yi oda daga Legas. Na ce "Kawu mu ƙara gaba."

Dalilina shi ne, ita waya mai shafa sikirin ɗin shi ne komai nata. Ƙaramar waya in gilashinta ya tsage za ka ci gaba da danna lamba kana kira ko ba ka gani, wannan kuwa da zarar tocin ya daina ji shikenan, ba ɗaga kira, ba shiga banki, lambobin mutane ma ba za ka iya fitarwa ba. Kuma duk kaffa-kaffa ɗinka wata rana za ta faɗi, ko daga aljihu wajen sauka daga adaidaita, ko wajen alwala, ko yaro ya fizge ta. Shi ya sa tambayar farko ba wajen mai sayarwa take ba, wajen mai gyara take. Ka leƙa layin masu gyara ka faɗi sunan wayar da lambar modal ɗinta, ka ji kuɗin sikirin orijinal da na kwafi, ka ji ko ana samun batirinta da bakin cajinta. Tecno da Infinix da Itel, waɗanda duk kamfani ɗaya ne ke yin su, Transsion na birnin Shenzhen a China, kayan gyaransu sun cika ko'ina kuma suna da wurin gyaransu na Carlcare a manyan garuruwa. Samsung ma ana samun nata, sai dai manyansu masu sikirin AMOLED, musamman masu lanƙwasasshen gefe, kuɗin canza shi kan ɗaga hankali, wani lokacin mutum gani yake gara ya ƙara kaɗan ya sayi wata wayar. AMOLED ɗin yana da kyau ba ƙarya, kala na fita raɗau, baƙi ya fito baƙi wuluk, amma in kai mai yawo ne a kasuwa ko kan babur, LCD mai sauƙin canzawa ya fi maka kwanciyar hankali.

Sai kuma haske. A cikin shago kowace waya kyau take yi. Ka roƙi mai shago ka fito da ita bakin ƙofa cikin rana, ka ƙure hasken, ka ga ko kana iya karanta rubutu ba tare da ka kare da tafin hannu ba. Ranar Kano ta watan Afrilu ba ta wasa, wayoyi da yawa masu araha in ka fito da su tsakar rana fuskarka kawai za ka gani a gilashin.

To mu dawo kan "RAM takwas" ɗin nan da aka faɗa wa kawu, don nan ne ake yi wa mutane da yawa rufa-ido. In ka duba kwali za ka ga an rubuta 4+4 ko 8+8. Lambar farko ita ce ta gaskiya, ta biyun aro ce ake yi daga ma'ajiyar wayar, kuma ba ta kai ta ainihin sauri ba ko kusa. Wato mai 4+4 RAM huɗu gare ta, kar wani ya ce maka takwas. RAM shi ne kamar faɗin tabarmar da waya ke baje aikinta a kai, in ta yi ƙanƙanta dole sai ta naɗe wani abu kafin ta shimfiɗa wani, shi ya sa za ka fita daga manhajar banki ka je ka kwafo lambar akawun a WhatsApp, kana dawowa ka tarar ta koma farko sai ka sake sa fasawod. Ni a ganina a yanzu kar ka sayi ƙasa da 4GB na gaskiya in dai da hali, mai 2GB ko 3GB, waɗanda galibi Android Go, wato ƙaramin Android da aka rage wa nauyi, ke kansu, za ta yi maka kira da WhatsApp da sauraron karatu, amma kana loda mata Facebook da TikTok da manhajar banki biyu za ta fara maƙalewa, ka danna ka jira ka sake dannawa.

Ma'ajiya kuma, wato memori, 64GB ɗin da aka rubuta ba duka za ka samu ba, tsarin wayar kansa ya riga ya cinye wani kaso tun tana kwali. Ga mu da guruf-guruf, na dangi, na unguwa, na ƴan makaranta, na masallaci, kowa na turo bidiyon biki da wa'azi da sautin murya na minti goma, kafin wata shida ta fara ce maka wuri ya cika. In za ka iya, ɗauki 128GB. In ba hali, tabbatar tana da gurbin katin memori, sannan ranar farko ka shiga saitin WhatsApp ka kashe saukar da bidiyo da kansa, wannan kaɗai zai cece maka wuri da data.

Batir ba sai na yi dogon bayani ba, kowa ya san halin wuta. 5000mAh shi ne abin da yawancin wayoyin Android ke zuwa da shi yanzu kuma ya isa wuni guda ga mai amfani daidai misali. Abin da mutane ke mantawa shi ne saurin caji. Mai ɗaukar 10W za ta iya cin awa uku kafin ta cika, mai 18W ko 33W in an kawo wuta na awa ɗaya ka samu abin da zai kai ka dare, kuma a wurinmu wannan bambancin ya fi kyamara muhimmanci nesa ba kusa ba. Ka duba bakin cajin ya zama Type-C, shi ne ake yayi, har iPhone ta koma kansa tun daga iPhone 15 a 2023, ko ina ka shiga za ka samu aron caja. Ka kuma buɗe kwalin a gaban mai shago ka ga ko da kan caja a ciki, don Samsung da Apple sun daina sakawa a wayoyinsu da dama, igiya kawai za ka tarar. Zafi kuma shi ne babban makashin batir, kar a bar ta a gaban mota cikin rana, kar a sa ta ƙarƙashin filo tana caji.

Kyamara fa? Yawan idanu a bayan waya ba shi ne kyan hoto ba. A masu araha galibi ɗaya ce ke aikin, sauran ƴan 2MP ne ko ma ƙasa da haka, kusan ado ne. Yawan megafiksel ma haka, 50MP a ƙaramar waya ba lalle ya kamo 12MP na babbar waya ba. Gwaji ɗaya ya wadatar, ɗauki hoton fuskar wanda ya rako ka a cikin shago inda haske bai da yawa, ka zuƙo hoton ka duba. In mai sayar da atamfa ko turare ko takalma ce a intanet, to ita kam kyamara jarinta ce, ta ɗauki hoton wani yadi ta ga ko kalar ta fito yadda take a ido, don kwastoma ba ya yafe a turo masa ja ya karɓi ruwan goro.

Batun 5G kuwa, MTN ta fara shi a Najeriya a 2022, Airtel ta biyo a 2023, amma har yanzu a wasu sassan manyan birane yake. In a ƙauye kake ko ƙaramin gari, kar ka ƙara kuɗi saboda shi, 4G mai kyau ta ishe ka. Abin da ya fi shi a wajena shi ne Android na nawa ne a kan wayar, kuma shekara nawa kamfanin zai ci gaba da turo mata sabuntawa. WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da ke ƙasa da Android 5 tun 2023, kuma haka za a ci gaba da zubar da tsofaffi, manhajojin banki ma sukan ƙi hawa tsohuwar waya. Samsung ta yi alƙawarin shekara 7 ga Galaxy S24, Google ma haka ga Pixel 8, yawancin masu araha kuwa ba sa samun ko kusa da haka, don haka kar ka sayi wadda ta riga ta shekara uku a kanta don kawai an rage mata kuɗi.

Yanzu ga inda na fi so a nutsu, wato ta hannu, wadda ake kira Landan yus. Akwai alheri a cikinta, da kuɗin sabuwa matsakaiciya za ka iya samun babbar waya ta shekarun baya, amma nan ne kuma ake kuka. Kar ka yi gaggawa, ka zauna a benci ka ba ta minti ashirin. Danna *#06# lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, mai lamba 15 za ta fito, ka gwada ta da ta jikin kwali in akwai, kuma lalle a rubuta ta a rasit tare da sunan shago. Ka sa layinka a ciki ka yi kira, ka kunna data, don wasu an kulle su a kan kamfanin sadarwa na ƙasar da suka fito. Ka danne wata alama a fuskar wayar ka ja ta a hankali lungu-lungu, sama da ƙasa, gefe da gefe, in ta suɓuce daga yatsanka a wani wuri to tocin ya mutu a nan. A Samsung da yawa *#0*# na buɗe shafin gwaji, ka ga ja da kore da shuɗi, ka gwada toci da sifika. Buɗe farin shafi ka duba ko akwai tabo ko inuwar tsohon rubutu ko siririn layi kore. In iPhone ce shiga saitin batir ka ga lafiyarsa, in ya yi ƙasa da 80 cikin ɗari to ka sa kuɗin sabon batir a lissafi, kuma ka sani iPhone 14 zuwa sama da aka yi wa kasuwar Amurka ba su da gurbin layi sam, sai eSIM, wato layin da ake saukarwa a cikin wayar ba tare da kati ba.

Mafi girma duka, a goge wayar gaba ɗaya a gabanka, a kunna ta daga farko, ka sa naka akawun. In ta tsaya tana neman iCloud ko Gmail na wani, ajiye ta ka tashi, ko da an ce maka za a yi filashin yanzun nan. Waya mai makullin wani galibi ko ta tsintuwa ce ko ta sata, kuma mun san abin da ƙwacen waya ya jawo a garuruwanmu, an raunata mutane, an rasa rayuka a kan waya. Wanda ya saya a hannun ɓarawo shi ke ba shi ƙarfin komawa gobe, kuma ranar da aka bibiyi IMEI ɗin a hannunka za a same ta, kai za ka yi bayani a ofishin ƴan sanda. Mutum ya tare ka a bakin titi da waya mai tsada a rabin kuɗi ba kwali ba rasit, don Allah ka wuce.

Masu bayar da waya a biya kaɗan-kaɗan ma sun yawaita. Ba laifi in buƙata ta kama, amma ka sa a lissafa maka jimillar abin da za ka biya daga farko har ƙarshe ka gwada da kuɗinta na lakadan, ka kuma tambaya me zai faru in ka makara, don yawanci kulle wayar suke daga can sai ka biya. Wanda kuma ke kaffa-kaffa da batun kuɗin ruwa ya tambayi malaminsa kafin ya sa hannu.

Kawu dai a ƙarshe mai 4GB da 128GB muka ɗauka, batir 5000, sikirin LCD wanda mai gyara na layin baya ya ce yana da shi a ajiye ko yau aka fasa. Kafin mu bar kasuwa aka liƙa mata gilashin kariya aka sa mata riga mai kaurin kusurwa, na rubuta masa IMEI da fasawod ɗin Gmail a takarda na ce ya haɗa da takardun gida ya adana, na sa wa layinsa PIN saboda ko an sace ba za a cire shi a shiga bankinsa ba. A mota na ƙara masa girman rubutu, na sa masa Hausa a Gboard, wato madannin rubutu na wayar, yadda zai samu ƙ da ɗ da ɓ, na nuna masa inda zai danne ya yi magana in bai son rubutu. Yatsansa ya saba da danna madanni da ƙarfi, sai da na riƙe hannunsa na ce "Kawu a hankali, shafawa kawai za ka yi." Muna isa gida ya ce in kira masa ta Zariya a bidiyo, yana so ya ga jaririn da aka yi suna bai samu zuwa ba.