In likitar ba ta jin yarenki

'Yan uwa mata, don Allah in za ki asibiti ganin likitar mata kuma ba ta jin yarenki, tun wajen yankar kati ki ce kina son tafinta mace. Kar ki ja ɗanki ko maigida ya fassara miki, wallahi kunya za ta sa ki haɗiye rabin maganar, ƙaiƙayi ne, ruwa mai wari ne, jini ne bayan saduwa, duk sai ki ce "ciwon mara ne kawai", alhali wannan jinin yana cikin alamomin kansar bakin mahaifa.

Kafin ki fito ki rubuta ranar da al'adarki ta ƙarshe ta fara, ki zuba kwalayen magungunan da kike sha a jaka. In likitar ta gama bayani ki maimaita abin da kika fahimta, kar ki dinga gyaɗa kai kawai.

Sannan ki nemi gwajin bakin mahaifa ko da lafiyarki lau, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara daga shekara 30, mai ɗauke da HIV kuma daga 25. Yara mata 'yan shekara 9 zuwa 14 a kai su rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke jawo kansar bakin mahaifa.