Mesarka ta tare a kwanon ruwa? Kurakuran da na gaji da gani

Tambayar da sababbin masu kiwon mesa mai dunƙulewa suka fi yi mini ita ce, "Me ya sa ta shige kwanon ruwa ta ƙi fitowa?" Kafin in buɗe baki kuma, sai in tarar da yawansu sun riga sun ɗauke kwanon. Na gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Wannan mesa da ke naɗe jiki kamar ƙwallo ta cusa kai a tsakiya idan ta tsorata, ba dabbar ruwa ba ce. Asalinta filayen ciyawa na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, inda take wuni a ramin ɓera ko tsohon suri, sai dare ta fito. In ta ɗan jiƙa jiki na awa ɗaya ta fita, kada ka damu. In kuwa ta wuni ta kwana a ciki, yau da gobe da jibi, to ruwa ba ya tsami banza.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne ɗauke kwano ba tare da an leƙa cikinsa ba, don ni ma na yi shi, kuma na ji a jikina. Na sayo mesa ta biyu, na ajiye akwatinta kusa da na ta farko a ranar da ta iso, ban killace ta ba ko na kwana ɗaya. Bayan 'yan makonni sai ta farkon ta koma zama a ruwa. Da wayona, sai na canza mata kwano da ɗan ƙarami wanda ba za ta iya shiga ba, ina ganin na yi maganin abin. Ashe gyaran gangar Auzinawa na yi. Ran nan na ɗauke ta, na mayar, sai ga wasu baƙaƙen ɗigo suna yawo a bayan hannuna. Ƙumar maciji ce, 'yan mitsi-mitsin ƙwari dangin kaska masu shan jini. Suna maƙalewa a ƙarƙashin ɓawon fata, da gefen ido, da tsagar da ke ƙasan haɓa. Baiwar Allah nan tana shiga ruwa ne don ta nutsar da su ta samu sauƙi, ni kuma na raba ta da abu ɗaya da ke rage mata azaba. Kafin in shawo kan lamarin ta rame, ta daina cin abinci, saɓarta ta fita gutsi-gutsi.

Saboda haka kafin komai, ɗaga kwanon ka duba gindinsa a haske. Ɗigon da ya yi kama da baƙin yashi, ka murje shi a farar takarda. In ya bar jan tabo, ka samu amsarka. Goga jikin mesar da farin ƙyalle mai danshi ka sake dubawa. Ni yadda nake yi, ina zubar da shimfiɗar akwatin gaba ɗaya, in wanke komai da ruwan zafi, in shimfiɗa farar takarda kawai don duk ƙwaron da ya motsa in gan shi. Kuma ba na tsayawa a wankewa ɗaya. Ƙwarin nan ba a jikin maciji suke yin ƙwai ba, a lunguna da tsagogin akwati suke yi, kuma cikin kamar mako biyu sabon zubi ya girma. Mako shida nake yi ina bibiya. Wasu na cewa na cika tsanani, su suka sani. Duk sabuwar mesa kuma sai ta yi wata uku a wani ɗaki dabam.

Kada in ji ka fesa mata maganin sauro ko ka shafe ta da mai. Feshin da ake yi don akwatin macizai ma, sai an fitar da ita da kwanonta, ya bushe ƙarau kafin ta koma. Wanda ke da sinadarin famitirin yana kashe kyanwa, in kana da ita a gida. Tambayi likitan dabbobi kafin ka saya.

Kuskure na biyu shi ne na zafi, kuma a nan ne nake jin kamar in kama kunnen mutum. Ka sa tabarmar ɗumi a ƙasan akwati, ka jona ta kai tsaye a wuta ba na'urar da ke kayyade zafi, sannan ka manna wani ɗan ma'aunin zafi na roba mai kama da agogo a bango ka ce kana auna zafi? Agogon nan iskar sama yake aunawa, in ma ya auna daidai, ita kuwa a ƙasa cikinta yake. Maciji ba ya gumi, ba shi da hanyar sanyaya jiki sai ya matsa inda ya fi sanyi. In duk akwatin ya zama tanda, ina za ta je in ba ruwa ba? Na taɓa ganin wadda cikinta ya ƙone ya yi ja ya sale, mai ita kuma yana rantsuwa agogonsa 30 yake nunawa. Ɓangaren ɗumi ya tsaya tsakanin digiri 31 zuwa 33 a ma'aunin Salshiyas, ɓangaren sanyi 24 zuwa 27. Sayi ma'auni na lantarki mai waya, ka ɗora bakin wayar daidai inda take kwanciya. Kwanon kuma ni a ɓangaren sanyi nake ajiye shi.

Sai batun laima, wato danshin iska. Idan idonta ya yi shuɗi-shuɗi kamar hazo, launinta ya dusashe, saɓa ce ke tafe, kuma in iskar akwatin ta bushe za ta nemi ruwa da kanta. Ni ina riƙe laima wajen kashi 60 cikin 100, in ɗaga zuwa 70 ko 80 a makon saɓa. Amma ɗaga laima dabam, mayar da shimfiɗa taɓo dabam. Kwanciya a jiƙaƙƙen wuri kullum shi ke ruɓar da fatar ciki. Rufe wani sashe na ragar murfin, ka zuba ruwa a kusurwoyin shimfiɗa ta yadda ƙasa za ta jiƙe sama ta zauna a bushe. In saɓa ta maƙale, musamman a ido, kada ka sa farce.

Akwai kuma wadda lafiyarta lau, tsoro ne kawai. An ba ta ƙaton akwati na gilashi, fili fetal, da maɓoya guda mai faɗi kamar zaure. Ita kuwa so take ta ji bango yana taɓa ta ta kowane gefe, kwanon ne kaɗai ya matse ta haka. Sa maɓoya biyu matsattsu masu ƙofa ɗaya, ɗaya a ɗumi ɗaya a sanyi, ka ga ko ba za ta ƙaura ba.

Sauran ƙanana ne. Sau da yawa a ruwan take kashi, don haka a canza shi da zarar ya ɓaci, a wanke kwanon. Ruwan kada ya wuce rabin kaurin jikinta, kwanon kuma mai nauyi wanda ba za ta kifar ba. Babbar mace da ke shirin ƙwai takan naɗe jikin kwano don neman sanyi, wannan ba ciwo ba ne. A daina ciro ta daga ruwa kowace awa ana jujjuyawa.

In ka duba ƙwari babu, zafi daidai, laima daidai, maɓoya ta samu, amma har yanzu tana ciki bayan mako guda, ko kana jin fito a numfashinta, ko yawu mai kumfa a bakinta, ko jan tabo a cikinta, ɗauke ta ka kai wa likitan dabbobi wanda ya san macizai. Ka tafi da adadin zafi da laimar da ka auna a rubuce, da ranar da ta ci abinci na ƙarshe, don su zai fara tambayarka.