Yadda za ka fara kamun kifi a teku in da na kogi ka saba

Mutanenmu da ke zaune a Legas, musamman waɗanda suka taso a bakin ruwa irin su Yawuri, Argungu ko Haɗejiya, da yawansu in suka je bakin teku sai hannu ya fara ƙaiƙayi, mutum ya tuna lokacin da yake haƙo tana ya zuba a gwangwani ya ɗauki fatsarsa ya tafi neman tarwaɗa da karfasa. To ɗan'uwa wannan sha'awar mai kyau ce kuma ana iya yi, ni ma a nan na koya, amma tun farko ka sa a ranka teku ba kogi ba ne. Kogi hanya ɗaya yake bi, ka san inda ya fito ka san inda ya nufa, shi kuwa teku zuwa yake yana komawa dare da rana, kuma wannan zuwa da komawar shi ne rabin ilimin kamun kifin gaba ɗaya. Shi ya sa ban fara da maganar kayan aiki ba, don wallahi na ga mutane sun kashe kuɗi sun sayi sanda mai tsada sun wuni a rana ba su kama komai ba saboda kawai sun zo lokacin da ruwa ya janye kifi ya bi shi.

Ga yadda abin yake. Teku yana cika sau 2 ya janye sau 2 a cikin awa 24 da kusan minti 50, wato tsakanin cikarsa da janyewarsa wajen awa 6 ne da 'yan mintoci, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kamar minti 50. In yau ya cika ƙarfe 6 na safe, gobe sai wajen 7 saura, jibi ya ƙara gaba, haka dai. Wata ne ke jan ruwan da ikon Allah, rana na taimaka masa, kuma a nan mu muna da sa'a don lissafin watan Musulunci a bakinmu yake ba sai mun koya ba. Farkon wata da kuma 14 zuwa 16 lokacin da watan ya cika fal, ruwa ya fi hawowa sama kuma ya fi ja baya da ƙarfi, wajen 7 zuwa 8 ga wata da 22 zuwa 23 kuma motsin kaɗan ne. A gaɓar Legas bambancin bai wuce kamar mita 1 ba amma kar ka raina shi, ya isa ya canza inda kifi yake kiwo. Lokacin da ya fi shi ne awa 2 kafin ruwa ya gama cika zuwa awa 1 bayan ya fara sauka, in kuma wannan ya faɗo daidai bayan sallar asuba ko tsakanin la'asar sakaliya da magariba to ranar ka bar duk abin da kake yi ka tafi. Akwai manhajoji na kyauta a waya da ke nuna jadawalin cikar ruwa na kowane gari, ka sauke ɗaya ka zaɓi Legas ko Kwatano ko Tema, duk inda kake.

Zuwanka na farko ma ni shawarata kar ka ɗauki ƙugiya, ka je lokacin da ruwa ya janye ka zauna ka kalla kawai. Za ka ga ba ko'ina igiyar ruwa ke fashewa ba, inda take fashewa da farin kumfa akwai tudun yashi a ƙasa, inda kuma ruwan ya yi duhu ya kwanta kamar ba komai to rami ne ko kwari, nan abinci ke taruwa nan kifi ke bi. Amma ka ji wannan da kyau, wurin nan da ya yi lumui tsakanin kumfa biyu sau da yawa shi ne hanyar da ruwan da ya hau gaɓa yake bi ya koma ciki da gudu, kuma shi ne ke tafiya da mutane, har da waɗanda suka iya iyo a kogi. Ka jefa ƙugiyarka can, kai ka tsaya a kan yashi. In Allah ya ƙaddara ya ja ka, kar ka ce za ka yi kokawa da shi ka dawo kai tsaye, za ka gaji ne kawai, ka bi gefe kamar kana bin tsawon gaɓar har ka fita daga cikinsa sannan ka nufo tudu, kana ɗaga hannu kana kira. Kuma kar ka taɓa juya wa teku baya ko kana ɗaura koto ne, don cikin igiyoyi goma ƙanana sai ɗaya babba ta zo ba sallama. Doguwar riga da jallabiya a bar su a gida, in suka jiƙe nauyi suke yi su naɗe ƙafa.

Da ɗan gari kan ci gari. A Badagiri da ƙauyukan bakin ruwa na Ibeju-Lekki akwai masunta Egun da Ilaje da 'yan Gana waɗanda kakanninsu ma a kan ruwan nan suka rayu, ka je da ladabi ka gaishe su, ka sayi koto a hannunsu, ka tambaya inda ba a tsayawa. Wani dattijo da nake sayen jatan lande wurinsa, baba nake ce masa, shi ya fara nuna min da hannu wani wuri da nake ganin ya fi ko'ina kyau ya ce kar na kuskura ruwan ya wuce min gwiwa a nan, kuma daga baya na ga da idona yadda wurin ke jan kwale-kwale. In a Gana kake kuma ka sani a yawancin garuruwan bakin teku masunta ba sa fita ranar Talata, al'adarsu ce tun da daɗewa, ka tambaya kafin ka je ka tsaya da sanda a gabansu. Kusa da tashar jiragen ruwa ko wurin sojan ruwa ko inda ake sauke mai kuwa kar ka jefa komai sai an ba ka izini.

Kaya yanzu. Ba dole sai da sanda ba, zaren roba da aka naɗe a jikin katako ko gora yana kama kifi a bakin lagun, wato kwantaccen ruwan da ke bayan gaɓar teku, da kan duwatsu, kuma da shi hannu ya fi saurin koyon jin cizo. Amma in daga kan yashi za ka jefa ya wuce inda igiya ke fashewa sai da doguwar sanda, mita 3.6 zuwa 4.2, da ril wato abin naɗe zaren, wanda zai ɗauki mita 200 ko fiye. Zare mai kaurin 0.35 zuwa 0.40 na milimita ya isa, sai ka ƙulla wani mai kauri kamar 0.60 a bakinsa tsawon sanda biyu, saboda lokacin wurgi duk nauyin dalma a kansa yake, siriri tsinkewa yake yi dalmar ta tafi kamar harsashi. Dalma giram 100 zuwa 150, ka nemi mai kusurwa kamar dala ko mai ƙafafun waya don ta kama yashi, mai zagaye birgima take yi ruwa ya dawo maka da ita gabanka. Ƙugiya lamba 1/0 zuwa 3/0, kar ka ce teku babba ne bari na sa ƙatuwa, ƙaramar ƙugiya na kama babban kifi amma babba ba ta kama ƙarami. Sai filaya, wuƙa, bokiti, tsumma, tocila, ruwan sha mai yawa da kula mai ƙanƙara a ciki.

Haɗin da ya fi sauƙi, dalma a can ƙarshen zare, sama da ita da kamar kamu ɗaya ka fitar da reshe gajere tsawon taƙi ɗaya ka sa ƙugiya, ka ƙara hawa ka fitar da na biyu, ka bar tazarar da ba za su harɗe ba. Ƙulli kuma ɗaya ya ishe ka a farko, ka zura zaren a idon ƙugiya, ka murɗa bakinsa a jikin zaren sau 6, ka dawo da shi ta ɗan ramin da ke kusa da idon, sannan ka sake zura shi ta babban madaukin da ya samu, ka jiƙa da yawu ka ja a hankali har ya ɗame. Yawun nan ba wasa ba ne, in ka ja a bushe zafi ke cin zaren ya raunana daidai wurin ƙullin. Ka yi ta gwadawa a ɗaki har ka iya yinsa cikin duhu.

Tana dai ka manta da ita, gishiri na kashe ta nan take ta yi fari. Jatan lande ɗanye shi ne sarkin koto a nan, kusan kowane kifi na cinsa, sai yankan kifin shawa ko sadin saboda maiƙo da ƙarninsu na tafiya cikin ruwa, sai ƙananan ƙaguwa da ake tonowa a jiƙaƙƙen yashi. Ya zama sabo ne, wanda ya kwana a rana ba ya aiki. Da yake koton laushi gare shi ka naɗe shi da zaren ɗinki kaɗan don kar ya fice lokacin wurgi, amma ka bar tsinin ƙugiyar a waje. Duk minti 15 zuwa 20 ka jawo ka duba don ƙaguwa da ƙananan kifi suna cinye shi kana can kana jira a banza.

Wurgi ba ƙarfi ba ne, ka duba bayanka tukuna ko akwai yaro ko mai talla, ka riƙe zaren da ɗan yatsa ka buɗe ril, sanda a bayan kafaɗa, ka kawo ta gaba a sannu ka ƙara sauri a ƙarshe ka saki yatsan lokacin da kan sandar ke kallon sama-sama gabanka. Mita 30 zuwa 40 ya isa, sau da yawa ma kifin yana nan kusa bayan igiyar farko. In dalma ta zauna ka naɗe rarar zaren har ya miƙe, ka sassauta birkin ril ɗin yadda in babban kifi ya fizga zaren zai fita maimakon ya tsinke. Abin da ke rikita sabon shiga shi ne bambanta igiya da cizo, igiya jan ta a hankali ne, ta lanƙwasa kan sanda ta sake, ta lanƙwasa ta sake kamar numfashi, kifi kuwa fizga ce tak tak ba tsari, ko kuma ka ga zaren ya saki gaba ɗaya, wato ya ɗauki koton ya nufo ka. Ka ɗaga sandar da ɗan ƙarfi sau ɗaya, ka riƙa naɗewa ba tare da ka bar zaren ya yi sako-sako ba, in ya iso bakin gaɓa kar ka ja shi lokacin da ruwa ke komawa, nan ne yawanci ake asararsa, ka jira igiya ta gaba ta turo maka shi kan yashi.

Abin da za ka riƙa samu, kuroka, jan kifin nan sinafa wajen duwatsu, wani lokacin barakuda wadda haƙoranta ke yanke zare sai an sa 'yar waya gaban ƙugiya, kuma kar ka kai yatsa bakinta ko ta daina motsi. Akwai kifin teku mai gashin baki ɗan'uwan ƙurungu, ƙayoyinsa uku na baya da gefe suna da dafi, da tsumma da filaya ake kama shi. Akwai kunaman ruwa mai faɗi kamar faifai, makaminta a wutsiya yake, in ba ka saba ba ka yanke zaren kawai. Wanda ɗayansu ya soka ya tsoma wurin a ruwan zafi daidai yadda fata za ta jure ba mai ƙuna ba, minti 30 ko fiye, zafin na rage raɗaɗin, sannan a wuce asibiti don tsinin kan karye a ciki. Talibambam mai kumbura ciki kuwa na teku gubarsa kisa take yi kuma dahuwa ba ta kashe ta, ka mayar da shi. Kunkurun teku ma doka ta hana kama shi, haka ƙananan kifin da ba su kai ci ba ka cire ƙugiyar a hankali da jiƙaƙƙen hannu ka sake su, masuntan wurin da kansu suna kukan kifi ya ragu, bai kamata mu da muka zo don sha'awa mu ƙara musu ba.

In lokacin salla ya same ka a can ruwan teku yana alwala, hadisi ya tabbata cewa ruwansa mai tsarkakewa ne mushensa kuma halal ne, sai dai ka ɗebo a bokiti ka hau tudu.

Daga Yuni zuwa Satumba tekun Legas haushi yake yi sosai, mai koyo ya fi kyau ya fara daga Nuwamba zuwa Maris, ko ya tsaya ɓangaren lagun wajen Epe inda ruwa ke kwance. Hadari in ya taso ka kwantar da sanda ka bar wurin, doguwar sanda a fili tsawa take kira. Kar ka je kai kaɗai, ka faɗa a gida inda za ka da lokacin dawowa, kan duwatsu irin na Tarkwa Bay kuma santsi ne da su, ba a hawa da silifa. Maganar shiga jirgi a tafi ciki ka bari sai ka yi wata da watanni a gaɓa, in za ka shiga kuma rigar kariya a jikinka tun kafin a tashi, ka ci abinci kaɗan ka tauna citta, jiri in ya taso ka kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa.

Kifin da za ka tafi da shi ka fasa cikinsa ka cire hanji da zuwawu tun a wurin ka sa a ƙanƙara, zafin Legas ba ya ba shi awa da yawa. Kana isa gida kafin ka zauna ka wanke sanda da ril da ƙugiyoyi da filaya da ruwan famfo ka shanya a inuwa, ka ɗiga ɗan mai a inda ke juyawa, in ba haka ba cikin sati ɗaya tsatsa ta cinye. Sannan ka samu ɗan littafi ka rubuta ranar, nawa ga wata, ƙarfe nawa ruwa ya cika, wane koto ka sa, me ka kama a wane wuri, ko ba ka kama komai ba ka rubuta, bayan fita goma ka buɗe ka duba waɗanne ranakun wata ne suka fi ba ka.